Besbol irin na kakanni: ba safar hannu, ba albashi

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Sani ya zo mana da labari daga Ohayo, a Amurka, inda wasu ke buga besbol kamar yadda aka buga shi a shekarun 1860. Malam, me ya raba shi da wanda muke gani a talabijin?

Malam Sani: Abu na farko, Hajiya, ba safar hannu. Da tafin hannunka za ka cafe ƙwallo, don safa ba ta fara shigowa wasan ba sai a shekarun 1870.

Bashir: Kai! Yatsun mutum fa?

Malam Sani: Suna ji a jikinsu. Amma ƙwallo ɗaya ake bugawa tun daga farko har ƙarshe, tana laushi a hankali. Kuma akwai sassauci: a dokar 1864, ko ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta yi tsalle, in ka cafe ta, mai bugu ya fita. Mai jifa kuma daga ƙasa yake wurgo ta, yana nesa da ƙafa 45. Aikinsa ya ba mai bugu ƙwallon da zai iya duka, ba ya ruɗe shi ba.

Hadiza: Wannan ya burge ni. Kenan kowa a fili yana da aiki.

Malam Sani: Shi ya sa nake son wasan. Ƙwallo kullum tana yawo, ba a bar mutum biyu da dambarwa saura na kallo ba. Alƙali ɗaya ne tak, kuma in bai ga abin da ya faru ba, yakan tambayi ɗan wasan da kansa. Ana sa ran ya faɗi gaskiya ko da a kansa ne.

Bashir: Malam, wa ya fara tono wannan?

Malam Sani: Gidajen tarihi. A Kolumbus da ke Ohayo an kafa ƙungiyar Ohio Village Muffins a 1981, sannan a 1996 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu irin wannan wasa, Vintage Base Ball Association, a garin. Tushen kuwa yana Niyok, wajen kulob ɗin Knickerbocker da ya rubuta dokokinsa a 1845. A da wanda ya riga kaiwa maki 21 shi ya ci, sai taron ƙungiyoyin besbol na 1857 ya tsayar da zagaye tara.

Hadiza: To a ce mutum yana can, yana son kafa tasa ƙungiyar. Ta ina zai soma?

Malam Sani: Ta zaɓen shekara. Wannan shi ne ginshiƙi, kuma nan ake yawan gaggawa. In kun ce 1864, to dokarku, ƙwallonku da suturarku duk su bi ta. In kun ce 1886, wani wasa ne daban, don a lokacin an halatta jifa ta sama, ƙwallo na zuwa da ƙarfi. Ni dai ina ba sababbi shawarar 1864, saboda dattijo da matashi, mace da namiji, duk za su iya shiga.

Bashir: Kuɗi fa? Rigunan ulu da huluna ai ba arha ba ne.

Malam Sani: Kada kaya su tsayar da ku. Ku fara da farar riga da baƙin wando, a yi karo-karo a sayi sanduna na itace da ƙwallaye. Fili kuma ciyawa ce shimfiɗaɗɗiya, a auna ƙafa 90 tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu ke gudu ya taka. Ku nemi gidan tarihin garinku, sau da yawa suna da fili kuma suna son baƙi. Abin da ya fi wuya shi ne mutane. Tara ake buƙata a fili, amma ku tara kusan ninki biyu, don ranar Asabar wani na aiki, wani na biki.

Hadiza: Sai kuma abokan karawa.

Malam Sani: Tsofaffin ƙungiyoyi ba sa rowar ilimi. Ku je wasansu, in suna da giɓi za su saka ku. In kun ƙware, akwai gasa duk shekara a gidan tarihi na Greenfield Village da ke Mishigan.

Bashir: Malam, in na zo Ohayo, a ina za ku ajiye ni?

Malam Sani: Can bayan fili tukuna, har hannunka ya saba.

Hadiza: Mun gode, Malam. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.