Ɗalibi da neman na kansa: laccar da aka gabatar wa ɗaliban jami'a a Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya ku matso, ga kujeru nan a gaba. Yauwa. An ce in yi magana kan yadda ɗalibi zai nemi na kansa yana karatu, to abu huɗu zan taɓo in Allah Ya yarda.

Na farko, sana'ar hannu. Kun tuna 2022? Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur! Waɗanda abin ya shafa su ɗaga hannu. To kun gani. Wata takwas ɗin nan wasu a majalisa suka ƙarar da shi, ana musun Arsenal da Chelsea. Kai mai dariyar can, na san kana cikinsu. Wasu kuwa suka tafi kasuwar waya ta Farm Centre suka zauna gaban maigida.

Akwai wani yaro da na koyar, haka ya yi. Watan farko shara da aike kawai, sai kallo. Daga nan aka fara ba shi canza gilashin waya, bakin caji, batir. Da aka koma makaranta, kayan aikinsa gaba ɗaya a jakar littattafai suke shiga. Ku duba ɗakin kwananku, mutum nawa ne a ciki? Kowa da waya, wani ma biyu, kuma kullum sai ta wani ta faɗi. Kasuwar tana kwana tare da kai! Ba kuɗin mota, ba hayar shago. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kun san abin da zuwa cikin gari ya koma.

Abin da ke hana mu shi ne girman kai, wai ɗan jami'a zai zama yaron shago? Ƙannena, ya zo a hadisi cewa Annabi Dawud, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci. Sarki ne fa, sarki! Wata takwas, ina maimaitawa, wata takwas ya isa mutum ya iya gyaran waya, ya iya ɗinki, ya iya haɗa sola. Ku ma 'yan mata haka ne: lalle, kitso, kunun aya, zoɓo. Ko ki je kasuwar Kwari ki ɗauki hoton atamfa ki sa a WhatsApp, sai an biya ki sayo.

Na uku... na biyu muke? To, lesin ga yara masu JAMB da WAEC, da yamma ko ƙarshen mako. Sai buga furojet ga 'yan ajin ƙarshe in kana da kwamfuta, bugawa na ce, ba rubuta wa mutum ba. POS kuma yana son jari da zama wuri ɗaya, zai cinye maka lacca. Lokaci ya ja, akwai tambaya?

(Wani ɗalibi: Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Yaya batun manhajojin da ake zuba kuɗi su ninka?)

Madalla da ka tambaya. Ɗana, kada ka yarda. A Disambar 2016 MMM ta rufe da kuɗin mutane, a Afrilun 2025 CBEX ta yi haka. Kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da shi, ranar da sababbi suka daina shiga, shi ke nan. Abin da ya fi damuna, wasu naira 20,000 ɗin da NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu, ke ba su duk wata suke niyyar zubawa. Bashi ne fa, za ka biya shi bayan bautar ƙasa. In wani ya riga ya zuba, kada ya jawo abokinsa don ya fanshe nasa. An kira La'asar, mai irin wannan matsalar ya same ni a ofis bayan salla.