Yawo da goyo a Istanbul: daga Laleli zuwa Uskudar

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Istanbul. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, masu tura kaya ne ke wucewa da dilolin tufafi. Nan Laleli ne, unguwar da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, kuma a nan muka sauka. Amma yau ba sari ya fito da mu ba. Mata da yawa sun turo mini tambaya iri ɗaya: wai wadda za ta zo garin nan da jariri, keken tura jariri za ta taho da shi ko goyo ya isa? To ku biyo mu, ku gani da idonku. Ga Hajiya ƙarama a bayana, wata bakwai gare ta, ta sha ta ƙoshi. Ga babanta riƙe da keken a naɗe, shi ne kuma mai ɗaukar mu hoto idan hannuna ya gaji.

Ku fara duba ƙasa tukuna. Kun ga gefen titin nan? Taku biyar, sai matakala ta gangara zuwa shagon da ke ƙarƙashin gini. Taku biyar, sai wani ya jibge kwalaye. Can gaba kuma babur ne aka ajiye a kan hanyar masu tafiya a ƙafa. Duk wadda ta ce sai ta tura keke a nan, rabin tafiyar a hannu za ta ɗauke shi. Shi ya sa tun daga ɗaki na goya ta da zani, na ɗaure da majanyi.

Ga tashar tiram, wato jirgin nan da ke bin tsakiyar titi. Wannan layin T1 ake ce masa, ya taso daga Bagjilar ya ƙare a Kabatash, kuma shi ne ke ratsa tsohon gari gaba ɗaya: Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet, Sirkeji, Eminonu, ya haye gada zuwa Karakoy. Da kati ake shiga, Istanbulkart. A injinan bakin tasha ake sayensa a kuma zuba masa kuɗi, kuma shi ɗin dai za ki shiga bas da shi, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin ruwa. Kuɗin shiga yakan canja saboda tsadar rayuwa, don haka ku duba allon injin idan kun zo. Jariri ba a biya masa. A gefen ƙofofin nan masu juyawa akwai ƙofa mai faɗi ta masu keke. Mai gadi na hango ki zai buɗe.

Shiga tiram ɗin ba wuya, don bakinsa daidai yake da dandamalin, babu hawa. Matsalar mutane ce. Gari ne mai mutum sama da miliyan 15, ga baƙi daga ko'ina, kuma kusan kowa wannan layin yake so. Kun ga wannan da ya tsaya? Ba za mu shiga ba, ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Wani na tafe nan da 'yan mintuna.

Yauwa, mun samu. Bari in rage murya. Abin da nake yi idan na shiga da goyo, ina juya bayana wajen taga ko bango, don kada jakar wani ta buge mata kai, kuma ba na tsayawa bakin ƙofa. Jakata kuma a gaba take, inda idona ke ganinta. Ga wani saurayi ya tashi ya ba ni kujera. Wannan kam ba a rasa shi a garin nan, sai dai zama da goyo sai an sassauta zani an juyo da ita gaba, mu kuma tasha ɗaya za mu yi, don haka na gode masa da hannu a ƙirji.

Mun sauka Beyazit. Can dama babbar kasuwar nan ce mai rufi, mai shaguna wajen dubu 4, ranar Lahadi a rufe take. Ba can muka nufa ba. Masallacin Sulaimaniyya za mu, ta bayan jami'a.

To ga abin da nake son ku gani. Wannan daɓen duwatsu ne, ƙanana ƙanana, an jera su. Baban Hajiya, buɗe keken ka tura su gani. Kun ji yadda yake karkarwa babu kowa a ciki? Ku ƙiyasta kan jariri a ciki. Tsohon garin nan a kan tuddai bakwai aka gina shi, masallacin nan a kan na uku yake, kuma taswirar waya ba ta gaya miki tudu. Za ta ce miki tafiyar minti 8 ce, ba za ta ce miki rabinta hawa ne ba, ko kuma ƙarshen lungun matakala ce.

Alhamdulillahi, mun iso. Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne ya sa aka gina shi, magininsa Sinan, an fara a 1550 aka gama a 1557. Kabarin sarkin da na matarsa suna nan a lambun baya. Ni dai a ganina, mai jariri ta fi samun natsuwa a nan fiye da masallacin Sultanahmet, inda ake bin dogon layi a rana. Nan harabar a shimfiɗe take, ga ciyawa, ga inuwa, ga gari da ruwa a ƙarƙashinki.

Masallatai su ne wurin hutunmu a tafiyar nan. Keke a bakin ƙofa ake barinsa, a cire takalma, in wuce ɓangaren mata in zauna a kan kafet. A nan nake kwance ta ta miƙe ƙafafu, in ba ta nono a ƙarƙashin hijabi, babu mai kallona. Canjin famfas ne ba na yi a ciki, saboda girman wurin. Banɗakunan masallatai kuma galibi ba su da teburin canza wa yaro, shi ya sa keken ke da amfani a nan: a kwantar da bayansa a wani lungu na harabar, a shimfiɗa leda, a gama. Manyan kantunan zamani su ne ke da ɗaki na musamman na masu shayarwa, amma a tsohon gari ba su da yawa. Famfas da audugar goge jiki kuwa kada ku cika akwati da su daga gida. Kusan kowane layi akwai kantin kayan masarufi, BIM ko A101 ko Migros, ga kantunan magani masu alamar jan harafin E.

Kun ga tsohuwar da ta tsaya yanzu? Ba na jin Turkanci, ita ba ta jin Hausa, amma na gane faɗan. Ƙafar yarinyar take nunawa: ina safa? Tsofaffin garin nan ba sa wasa da sanyi, ko ana rana sai sun taɓa ƙafar jariri. Sai ta ja kumatunta ta ce Masha Allah, ta tsaya tana duba yadda na ɗaure zanin, ta zagaya baya ta zagayo gaba tana neman inda ƙarfen yake. Babu ƙarfe, Inna, ɗauri ne kawai. Wasu kuma sukan miƙo ɗan shuɗin dutsen nan da suke maƙala wa yara wai maganin kambun baka. Nakan yi murmushi in ce na gode, mu addu'a muke tofa mata.

Yanzu gangara za mu yi zuwa bakin ruwa, ta cikin Tahtakale. Na mayar da ita baya, na ƙara tamke majanyin. Wannan wurin, ku ɗauka Kantin Kwari ne ana jajibirin Sallah, sai aka karkata shi a kan tudu. Masu dako na ihu a ba su hanya, motar kaya na kutsawa, ga gangara mai santsi. A nan takalmi shi ne magana. Kada ki sa mai tsini, kada ki sa silifas mai zamewa, ki kuma tattare bakin abayarki. Babanta yana bayana, ba gabana ba, don shi ne idona a kan goyon. In ke kaɗai ce, ki riƙa kai hannu kina taɓa kanta, ki tabbata hijabi bai rufe mata hanci ba. Idan cunkoson ya yi yawa, gara a juyo da ita ƙirji.

Wani zai ce me ya hana ku shiga tasi? Ku dubi titin can. Motocin ba sa motsi, mita kuwa tana tafiya. Ga shi da wuya ki samu mai kujerar jarirai, sai dai ki rungume ta a cinya. Mu sai dare ya yi ko ana ruwa muke neman tasi.

Eminonu ke nan. Ga Sabon Masallaci, wanda a sunan ne kawai sabo, don tun ƙarni na 17 aka gama shi, ga kasuwar kayan ƙamshi a gefensa. Akwai hanyar ƙarƙashin titi da ke fita bakin jiragen ruwa, amma matakala ce sauka da hawa, mai keke ta nemi inda ake tsallakawa ta sama wajen fitilar hanya.

To jama'a, ga inda nake so. Duk abin hawan garin nan babu wanda ya kai jirgin fito daɗi ga mai goyo. Da katin nan dai muka shigo. Ma'aikacin jirgin ya kama mana gaban keken wajen hawa ba tare da mun roƙa ba. Ku dubi faɗin wurin: kujeru a jere, wurin ajiye keke a buɗe, banɗaki, ga mai shayi yana zagayawa da ƙananan kofuna. Na kwance goyon, bayana ya sha iska. Kusan minti 20 za mu yi daga Turai zuwa Asiya, muna zaune. Ku ji yadda ta yi shiru tana kallon tsuntsayen da ke bin jirgin, yara na jefa musu gutsuren burodin nan mai riɗi. Iskar Bosforus, wato wannan mashigin ruwan da ya raba Turai da Asiya, dai akwai kaifi, ko da zafi a gari. Hula da ɗan bargo su kasance a saman jaka, kuma gara a zauna daga ciki kusa da taga. Ga shi har na sa mata safar, tsohuwa ta yi nasara.

Mun sauka Uskudar. Masallacin da ke fuskantar mu na Mihrimah ne, 'yar Sarki Sulaiman, shi ma aikin Sinan. Yanzu ne keke zai ci kuɗinsa. Hanyar bakin ruwan nan a miƙe take, lafiyayya, har zuwa inda ake hango ɗan hasumiyar nan da ke tsakiyar ruwa. Ta yi barci tun kafin mu yi nisa, ni kuma kafaɗuna sun huta. Don haka mai tambaya, in za ki taho da keke, ki taho da marar nauyi, wanda ake naɗewa da hannu ɗaya a rataya. Manyan nan masu kama da gado ki bar su a gida. In kuma ke kaɗai ce babu mai riƙe miki, kuma harkarki ba ta wuce Laleli da tsohon gari ba, zani biyu da majanyi sun ishe ki.

Komawa ba ta ruwa za mu yi ba, don la'asar ta yi, mutane sun fara tashi daga aiki. Marmaray za mu shiga, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 2013. Daga nan zuwa Sirkeji minti 4 ne, sai Yenikapi, daga can mu taka zuwa masauki. Tashoshinsa suna da zurfi sosai, don haka ku nemi alamar da aka rubuta Asansör, shi ne lif. Kada a hau matakala mai tafiya da yaro a cikin keke, ko kun ga wasu na yi. Lif ɗin yakan tara layi, tsofaffi da masu akwatuna da masu keke irinmu, wani lokacin ma ba a bakin ƙofar da kika shigo yake ba, sai kin zagaya. Ga shi can mutum shida a gabanmu. Baban Hajiya, karɓi wayar nan, ta farka tana neman abinci. Jama'a, gobe in Allah ya kai mu asibiti za mu raka wata 'yar'uwa a can ɓangaren Shishli, zan nuna muku yadda layin M2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake da keke. Sai mun haɗu.