Yadda yis ke yanke shawarar yin iri idan yunwa ta kama shi

An rubuta wannan lacca daga muryar da aka naɗa a taron ɗaliban kimiyya na wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa.

Assalamu alaikum. Malam shugaban makaranta, malamaina, da ku ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Yis ɗin da iyayenmu mata ke zubawa a ƙullun fanke da waina abu ne mai rai, ƙwaya ɗaya tal, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A kimiyyance sunansa Saccharomyces cerevisiae. Muddin akwai sukari, ƙwayar sai ta yi toho a gefe, tohon ya girma ya ɓalle, shi ma ya shiga nasa. Amma idan abinci ya yanke, wani lokaci sai ta daina toho, ta raba gadonta, ta gina ƙwayoyin iri huɗu masu tauri cikin jaka ɗaya. Abin da nake so ku fahimta yau shi ne, yunwa kaɗai ba ta sa ta yin haka. Sai ƙwayoyin gadonta, wato umarnin da ta gada wanda ke tafiyar da ayyukanta, sun amince.

Yis yana da jinsi biyu, ana ce musu "a" da "alfa". Kowanne yana ɗauke da kuromosom 16, wato zaren da ke ɗauke da gado. Idan suka haɗu suka zama ɗaya, sai a samu mai 32. To, sharaɗi na farko shi ne, mai 32 ɗin nan kaɗai ke da ikon yin iri, domin aikin yana buƙatar a raba gado gida biyu. Mai 16 da zai gwada, 'ya'yan ba za su samu cikakken gado ba, mutuwa za su yi.

Yaya ƙwaya ke sanin ko ita wace ce? Akwai ƙwayar gado mai suna IME1, ita ce mai ba da izinin farawa. A shekarar 1988 Yona Kassir da Giora Simchen da abokin aikinsu suka bayyana ta. A jikin mai 16, wata ƙwayar gado, RME1, tana danne IME1 ba ta bari ta motsa. A jikin mai 32 kuwa, furotin guda daga ɓangaren "a" da wani daga ɓangaren "alfa" suna haɗuwa su rufe bakin RME1. Kun ga ke nan, an hana mai hanawa. Ku riƙe wannan da kyau, domin irin wannan dabara ta cika jikin halittu.

Sharaɗi na biyu abinci ne. Dole naitirojin ya ƙare, wato sinadarin nan da iyayenku ke nema a takin yuriya. Dole gulukos, wato wani nau'in sukari, ya ƙare. Amma kuma sai an bar mata ɗan abincin da zai ba ta ƙarfi kamar sinadarin asitet, tunda ginin iri aiki ne mai cin ƙarfi. Idan asitet ɗin ya yi kaɗan, sai ta taƙaita, ta gina iri biyu maimakon huɗu.

IME1 na tashi, sai ta kunna rukunin farko na ƙwayoyin gado, ciki har da IME2 da SPO11. Aikin SPO11 yana ba ni mamaki har yau: da gangan take yanka zaren gado, domin na "a" da na "alfa" su yi musanya kafin rabo. Mu ma 'yan Adam muna da SPO11, kuma aikin da take yi ke nan wajen samar da maniyyi da ƙwan mace. Shi ya sa masu binciken haihuwa ba sa raina yis.

Sai ƙwayar gado NDT80, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar. Kun san mai shirin tafiya ci-rani: idan hadari ya zubo yana tasha, sai ya saɓi jakarsa ya koma gona, idan mota ta riga ta ɗaga, sai dai ya ƙarasa. Kafin NDT80 ta yi ƙarfi, ka mayar wa ƙwaya da abinci, za ta fasa ta koma toho. Bayan ta yi ƙarfi an shiga rabon, ko ka cika ta da sukari sai ta kammala. A 1996 aka gama karanta gadon yis, kusan ƙwayoyin gado 6,000, kuma a 1998 aka nuna cewa ɗaruruwa daga cikinsu ne ke kunnuwa bi da bi a wannan aiki.

Na ƙarshe a layi su ne ƙwayoyin gado masu ginin ɓawon iri. Hawa huɗu ne, na can waje DIT1 da DIT2 ke ƙera shi. Taurinsa ya kai ƙudan 'ya'yan itace ya haɗiye irin ya kasayar da shi da ransa a wani wuri.

Wata ɗaliba ta tambaya ko yis na leda da ake sayarwa a kasuwa shi ne wannan iri.

A'a, ƙanwata. Wancan ƙwayoyi ne na yau da kullum da aka busar a masana'anta. Ruwan ɗumi da ɗan sukari ke farkar da su, kuma da ruwan ya yi zafi da yawa, ƙullun ba zai tashi ba.