Hoton da ke tsaye a iska: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya biya kuɗin hologiram

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Batunmu na yau shi ne hologiram a harkar talla da nishaɗi, kuma da gyara zan fara, domin rashin wannan gyaran ne ke sa mutane asarar kuɗi. Kusan duk abin da ake sayar wa 'yan kasuwa da sunan hologiram ba hologiram ba ne. Na ainihi shi ne wanda masanin kimiyya Dennis Gabor ya gano a 1947, har aka ba shi kyautar Nobel a 1971: ana adana tsarin hasken da ya taso daga jikin abu, yawanci da leza, wato siririn haske mai ƙarfi, ta yadda in ka karkata kai sai ka hango gefensa. Kowannenku ya taɓa riƙe shi a hannu. Shi ne ɗan tambarin nan mai walƙiya da ke jikin katin banki, wanda Mastercard ta fara sawa a 1983 don ta wahalar da masu jabu. Amma mawaƙin da ke yawo a dandamali, ko takalmin da ke juyawa a iska a ƙofar kanti, wata dabara ce daban. Kowace dabara tana da sharaɗinta, kuma sharaɗin ne ya kamata ka tambaya kafin farashi.

Wadda ta fi kowacce shahara ta haura shekara 160. A 1862 John Henry Pepper ya nuna ta a Landan, bisa tunanin wani injiniya mai suna Henry Dircks, shi ya sa har yau ake ce mata fatalwar Pepper. Ku tuna yadda kake ganin kanka a gilashin taga da dare, kana kuma hango abin da ke waje. To shi ke nan. Ana jingina gilashi ko wata leda garai-garai a kan digiri 45 tsakanin 'yan kallo da dandamali. A ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, a shimfiɗa allo mai haske ko farin daɓe da majigi ke haskawa daga sama. Ledar sai ta ɗauki hoton ta miƙar da shi tsaye a bayanta. Nisan da ke tsakanin allon da ledar, shi ne nisan da hoton zai bayyana a baya. Da wannan aka tsayar da marigayi mawaƙi Tupac Shakur a bikin waƙa na Coachella da ke Amurka a 2012. Da shi ɗan siyasar Indiya Narendra Modi ya yi jawabi a wurare 53 a lokaci guda a jihar Gujarat a ƙarshen shekarar, ɗan siyasar Faransa Jean-Luc Mélenchon kuma a Fabrairun 2017 yana Liyon amma ana kallonsa a gefen Faris. Kamfanin da ke son ƙaddamar da sabon kaya a birane da yawa rana ɗaya, wannan hanyar yake bi.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aiki ke lalacewa. Gilashi ba madubi ba ne. Kowace fuskarsa kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na haske kawai take maidowa, sauran ya wuce. Saboda haka dole allon ya yi haske ƙwarai, bayan dandamali kuma ya yi duhu. In fitila ɗaya ta haska labulen baya, sai ka ga labulen ta cikin ƙirjin mawaƙin. Sannan gilashi mai kauri fuska biyu gare shi, kowacce na maido nata hoton, sai mutum ya fito bibbiyu. Dalilin da ya sa aka koma leda siririya ke nan. Ita kuma sai an ɗaure ta tamau a firam ɗin ƙarfe, in ba haka ba iskar na'urar sanyaya ɗaki ko rugugin manyan lasifika su riƙa kaɗa ta, hoton ya dinga rawa kamar inuwa a ruwa. Ƙura da shatin yatsa ma suna tona asiri, domin da zarar ido ya ga ledar, an gama.

Sai wajen ɗaukar bidiyon. A wannan dabara baƙi shi ne babu. Duk inda hoton ya yi baƙi, ido zai ratsa ya ga baya. Don haka ana ɗaukar mutum a gaban baƙin bango, shi kuma kada ya sa baƙaƙen kaya. Baƙin gashi da fata mai duhu suna buƙatar fitila daga baya da gefe, wadda za ta zana iyakar kai da kafaɗa, in ba haka ba rabin mutumin ya narke cikin duhu. Kyamara ɗaya, a kafe, daidai tsayin idon mai kallo, ta ɗauko shi daga kai har tafin ƙafa. A wajen haɗawa a tabbatar ƙafarsa ta sauka daidai kan daɓen dandamali. Kuskuren ɗan yatsa biyu ya isa ya sa a ga yana shawagi. In akwai rubutu a juya shi tun a kwamfuta, tunda ledar za ta sake juya shi. Kuma hoton shafaffe ne, ba shi da kauri, wanda ya zauna can gefe zai gan shi kamar kwali. Kujerun gefen nan gara kada a sayar da su.

Ƙaramin samfurinsa shi ne ɗan dalar gilashi mai fuska uku ko huɗu da ake ajiyewa a baje koli. Ana sa agogo ko kwalbar turare na gaske a ciki, hoto ya riƙa zagaye shi. Ga ƙananan kaya masu tsada, a ganina babu wanda ya kai shi dacewa.

Dabara ta biyu ita ce fanka, wadda ta cika kantuna yanzu, irin ta kamfanin Hypervsn da masu kwaikwayonta. Fukafukai ne masu jerin ƙananan fitilun LED, suna juyawa sau ɗaruruwa a minti, kowace fitila na kunnuwa daidai inda ake so, ido kuma ya haɗa su ya ga hoto guda. Ana samun mai faɗin santimita 42, da 65, har mita guda, kuma ana jera da yawa a daidaita su su zama bango. Nan ma baƙi babu ne. Hoton faifai ne shafaffe. Zurfin da ake gani daga bidiyon yake, don haka abu ya riƙa juyawa a hankali, kuma a guji siririn rubutu. Tana da ƙara, tana dusashewa a hasken rana, kuma fukafukin na iya yanka hannu, sai a ɗaga ta sama da inda yaro zai kai ko a sa mata murfi. Akwai matsalar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: a kyamarar waya hoton yakan fito da zane-zane ko ya yanke, saboda kyamara na kama wani ɓangare ne kawai na zagayen. In burinka mutane su ɗauka su yaɗa a intanet, ka gwada da wayoyi uku ko huɗu kafin ka biya.

Ta uku akwati ne mai tsayin mutum, irin na kamfanin Proto. Allon LCD ne da ido ke ratsawa, an sa shi a gaban farin akwati mai fitilu. Ku lura, a nan dokar ta juya: fari shi ne babu. Ana ɗaukar mutum a gaban farin bango, a bar inuwarsa a ƙasa, don inuwar ce ke sa a yarda yana ciki. Bidiyon da aka yi wa fanka ba zai yi aiki a akwati ba, kuma mutane da yawa sai bayan sun sayi na'ura suke gane za su sake biyan kuɗin ɗauka. Amfaninsa shi ne yana aiki a ɗaki mai haske. In kai tsaye za a yi magana, a ba shi intanet na kebul, ba na iska ba, domin jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya sa mai tambaya da mai amsa su riƙa karo da juna.

Wanda ya fi kusa da hologiram na ainihi shi ne allo irin na kamfanin Looking Glass, mai aika hoto daban zuwa kowace kusurwa. Farashin hakan kaifin hoto ne. Allon 4K yana da ɗigo miliyan 8.3, a ce an raba shi kusurwa 45, kowacce ta tashi da kusan 184,000. Ya dace da mutum biyu ko uku a gaban tebur, ba taro ba.

Ga mai shirya wasa, darasin yana wajen ABBA Voyage, wasan ƙungiyar mawaƙan ABBA ta Suwidin, da aka buɗe a Landan a Mayun 2022. Mawaƙan sun yi mako biyar ana ɗaukar motsinsu da kyamarori 160, kamfanin Industrial Light & Magic ya gina surarsu, aka nuna a kan ƙaton allon LED. Babu leda, kuma ba da leza aka yi hoton ba. Abin da ya sa ya karɓu shi ne an gina zaure na musamman mai cin mutum 3,000, inda kowace fitila ta ɗaki ke tafiya daidai da hasken da ke cikin hoton, ga kuma makaɗa na gaske suna kiɗa a gefe. Kuɗin ba a na'ura ya tafi ba, a abin da za a nuna da kuma sarrafa ɗakin ya tafi.

In za a nuna wanda ya rasu, a fara da lauya. Haƙƙin fuska daban, na waƙa daban, na tsohon bidiyo daban. A jihar Kalifoniya haƙƙin amfani da suna da surar mutum don kasuwanci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Yardar iyali kuwa ta wuce batun doka, don masoyansa za su tambaya.

Wani ɗan'uwa ya aiko takarda yana tambaya, ta yaya zai san ko abin ya biya. Kafin a kafa, ka yi mako biyu kana ƙirga mutum nawa suka wuce, nawa suka tsaya, nawa suka shiga, nawa suka saya. Bayan an kafa ka maimaita, amma kada ka yi hukunci da makon farko, don sabon abu kowa yana tsayawa kallonsa. Ka tanadi bidiyo uku ko huɗu na daƙiƙa 10 zuwa 15 da za a riƙa sauyawa. Ka fara da haya. Kuma ka sa a yarjejeniya cewa za a gwada na'urar a wurinka, a lokacin da rana ta fi shigowa, kana tsaye daidai inda mai sayayya zai tsaya.