Fodkas: Sofiya ta Halshani, amaryar dattijon sarki da ta haifa wa Poland gidan sarauta

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Malam Bala ga kuma Nura. Yau Poland muka nufa, wajen shekara 600 baya, labarin wata sarauniya da ake kira Sofiya ta Halshani. Malam, kai ka kawo mana ita, bismillah.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. To ita Sofiya ba 'yar Poland ba ce ma asali, Halshani ɗin nan yanzu cikin ƙasar Belarus take, a lokacin kuma ƙarƙashin Lituwaniya. A 1422 aka ɗaura mata aure da sarkin Poland, Yagiyelo, tana da shekara kamar 17, shi kuwa ango tsakanin 60 ne da 70.

Nura: Kai Malam, ai wannan jika ce ba mata ba.

Malam Bala: Kuma ita ce ta huɗu Nura, uku sun rasu a hannunsa. Jadwiga ta rasu 1399, Anna 1416, Elizabet 1420, duk babu wadda ta bar masa ɗa namiji. Mutumin da ya ci yaƙin Grunwald a 1410, sunansa ya zaga Turai, amma ga tsufa ya zo babu magaji. Ɗan'uwansa Vitautas mai mulkin Lituwaniya shi ya haɗa auren, dama matar Vitautas gwaggon Sofiya ce, kun ga auren gida aka yi. Sai da ta bar ɗarikar Otodoks ta koma Katolika ma kafin a ɗaura.

Zainab: Ni abin da ya tsaya min a rai, sai 1424 aka sa mata kambi. Shekara biyu yarinya tana zaune a fadar da ba ta san kowa ba, manyan fada suna mata kallon baƙuwa.

Malam Bala: Haka ne, amma da aka tashi naɗin an yi shi da girma a Krakow, babban birnin ƙasar a lokacin, har sarki Sigismund na Hungary da sarkin Denmark sun halarta. Kuma a shekarar nan, ranar 31 ga Oktoba, ta haifi namiji aka sa masa Wladislaw. 1426 ta sake haihuwar namiji, wannan bai daɗe ba ya koma. 1427 ga ciki na uku.

Nura: To ai shikenan, an samu magaji, sai murna.

Malam Bala: Ina fa. Nan ne rigimar ta soma. Ka san shi Yagiyelo sarautar Poland ba gadon gidansu ba ce, ta dalilin auren Jadwiga ya hau, ita ce mai jinin sarautar. To 'ya'yan Sofiya ba su da jinin tsohon gidan ko ɗigo, saboda haka manyan ƙasa suka ce idan kana so ɗanka ya gaje ka sai ka biya mu da 'yanci da alfarma. Aka rubuta takarda a 1425, sarki ya ja ƙafa wajen cika nasa alkawarin, a taron 1426 suka zare takubba a gabansa suka daddatsa takardar.

Nura: A gaban sarki?

Malam Bala: Yana zaune yana kallo.

Zainab: Malam bari in karɓa daga nan don wannan ɓangaren ya fi ci min rai. Ana cikin wannan ja-in-ja, tana ɗauke da cikin nan na uku, sai magana ta tashi a fada wai sarauniya tana cin amanar aure, wai yaya za a yi tsoho kamar wannan ya riƙa haihuwa a jere. Aka kama kuyanginta guda biyu aka azabtar da su har suka ambaci sunayen wasu jarumawan fada, wasu aka kulle su wasu suka gudu suka bar ƙasar. Ku duba fa, mace da tsohon ciki, ba uwa ba uba a kusa, waɗanda ke mata hidima a ɗaki ana gana musu azaba don su faɗi abin da ake so a ji. A ƙarshe sai da ta fito ta yi rantsuwa a bainar jama'a, wasu manyan mata suka tsaya suka rantse tare da ita, sannan aka wanke ta. Ranar 30 ga Nuwamba 1427 ta haifi Kazimir.

Nura: Anti Zainab ni fa ina da tambaya, kar ki ce na goyi bayansu. Mutanen nan ba za a ce shakkarsu ta banza ba ce gaba ɗaya ba, mata uku ba namiji, sai ga ta huɗu da uku a jere.

Zainab: Nura tambayi kanka wa zai ci riba in aka yarda da zargin. In aka ce yaran ba na sarki ba ne, maganar gado ta mutu, kujera ta koma hannun masu zaɓe su ba wanda suka ga dama. Kuma dattijo ya haihu da yarinya ai ba sabon abu ba ne a duniya. Magana da aka tatsa daga bakin baiwar Allah da azaba kuwa ni ba na kiranta shaida.

Malam Bala: Akwai ma wani abu da ya kamata mai sauraro ya riƙe. Yawancin abin da aka sani a kanta daga alƙalamin Jan Dlugosz ya fito, babban marubucin tarihin Poland na zamanin, shi kuwa yaron gidan Zbigniew Olesniki ne, bishop ɗin Krakow, sakatarensa ne ma. Olesnikin nan shi ne babban abokin hamayyar Sofiya a siyasa shekara da shekaru. To in yaron abokin gabarka ne ya rubuta tarihinka, dole mai karatu ya yi taka-tsantsan. Ko da 'yar sarki ta wajen Anna ta rasu a 1431 sai da aka yaɗa cewa Sofiya ce ta sa mata guba, don kawai 'yar kishiya ce kuma tana da jinin tsohon gidan sarauta ta wajen uwa. Babu hujjar da aka kawo.

Nura: To ya aka ƙare da maganar gadon?

Malam Bala: Sarki ya sauko. A 1430 a garin Jedlnia ya amince musu da buƙatunsu, ciki har da cewa ba za a kama wani mai sarauta a kulle ba sai kotu ta yanke hukunci, su kuma suka yarda ɗaya daga 'ya'yansa zai gaje shi. Ya rasu 1434, aka naɗa Wladislaw yana ɗan shekara 10 bai ma cika ba. Sai dai riƙon ƙwarya bai zo hannun uwar ba, Olesniki da mutanensa suka kankane komai, ita aka bar ta da ƙasar Sanok da aka ba ta ta ci.

Zainab: Amma ba ta naɗe hannu ba, ta riƙa jan masu adawa da bishop ɗin a jiki. Sai kuma jarabawa mafi girma ta zo. Wladislaw ya zama sarkin Hungary a 1440, ya tafi yaƙi da Daular Usmaniyya, ranar 10 ga Nuwamba 1444 a Varna, Bulgeriya ta yanzu, rundunar Sultan Murad na biyu ta ci su, aka kashe shi yana da shekara 20. Gawar ma ba a kawo gida ba, ana ta jita-jita wai yana raye a wani wuri. Wallahi ina tunanin uwar nan, kullum wani ya zo da labari wai an gan shi.

Malam Bala: Kusan shekara uku ƙasa ba sarki. Kazimir yana Lituwaniya yana mulki tun 1440, kuma ya ƙi zuwa a kan sharuɗɗan da manyan Poland suka gindaya masa, su ma sun kafe. Sofiya ce ta shiga tsakani, tana lallaɓa ɗanta tana lallaɓa fadawa, har aka naɗa shi a 1447. A farkon mulkinsa kuwa maganarta tana da nauyi sosai a fada.

Nura: Wato yaron da aka ce ba ɗan sarki ba ne tun yana ciki.

Malam Bala: Shi fa. Ya yi shekara 45 a kan karaga, har 1492, 'ya'yansa huɗu sun zama sarakuna, gidan kuma ya riƙe Poland har 1572.

Zainab: Kar mu manta da aikin fassarar nan Malam. A wajen 1453 zuwa 1455 ta sa aka juya Baibul zuwa harshen Poland, lokacin da littafin addini galibi sai da Latin, wanda malaman coci da 'yan boko kaɗan ne ke fahimta. Har yau da sunanta ake kiran wannan kwafin. Mace da ta zo ƙasar baƙuwa, ita ce ta ɗauki nauyin a rubuta wa mutanen littafinsu da yarensu.

Nura: Ta ga jikokinta kuwa?

Malam Bala: Ta ga na farko-farko. Kazimir ya auri Elizabet ta Austriya a 1454, bayan auren tasirin uwar ya ɗan ja baya. Ta rasu ranar 21 ga Satumba 1461 a Krakow, aka binne ta a babban cocin Wawel, cikin ɗakin ibadar da ita da kanta ta sa aka gina.

Zainab: To jama'a a nan za mu dakata yau. Malam Bala, Nura, na gode. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.