Saƙon yana bayan mai rawa

Ku ɗauka muna kallon bidiyon wata waƙar Amurka, mun tsayar da shi a tsakiya. Wannan da ke tiƙar rawa ba riga, Donald Glover ne, wanda aka fi sani da Childish Gambino, a waƙarsa "This Is America" ta watan Mayun 2018. Yanzu ku ɗauke ido daga kansa ku duba bayansa. Mutane na gudun ceton rai, mota na ci da wuta, ga wasu yara a bene suna ɗauka da waya. Da gangan darakta Hiro Murai ya jera su haka: rawa a gaba ta ɗauke hankali, tashin hankali a baya ya wuce ba a lura ba. Mai kallo sai ya maimaita kafin ya gane an yi masa wayo.

Sai kuma bindigar. Sau biyu ya yi harbi, kuma duk sau biyun wani ya zo da jan ƙyalle ya karɓe ta a hankali, kamar ƙwai. Mutumin da aka fara harbewa kuwa, jan gawarsa aka yi a ƙasa. Harbi na biyu kan mawaƙan coci ya faɗa, abin da ya tuna wa jama'a kisan baƙar fata 9 a wani coci a birnin Charleston na Amurka a 2015.

Mawaƙiya Beyoncé ta bi wata hanyar a bidiyon waƙarta "Formation", a Fabrairun 2016. Ta hau kan motar 'yan sandan New Orleans tana nutsewa a ruwa, wato nuni ga ambaliyar guguwar Katrina da ta afka wa birnin a 2005. Ga yaro yana rawa gaban layin 'yan sanda, ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga. Alfaharin kuma yana cikin gashi: kitso iri-iri, da 'yarta da gashinta a buɗe yadda Allah ya halitta shi. Washegarin fitar bidiyon, a filin Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, masu rawarta suka fito da baƙaƙen huluna irin na ƙungiyar fafutukar baƙar fata ta Black Panther da aka kafa a 1966, har wasu ƙungiyoyin 'yan sanda suka yi kiran a ƙaurace wa wasanninta.

To a ina ake samun matsala? Da farko, rawar kan cinye saƙon. Rawar gwara-gwara ta Afirka ta Kudu da ke bidiyon Glover, ita mutane suka yanko suna yaɗawa, aka bar gawa a baya.

Sannan alamar da aka gane a wani wuri, a wani wurin tana iya zama cin fuska. Da mawaƙin Najeriya Falz ya yi "This Is Nigeria" a 2018, ya sa 'yan mata masu hijabi suna rawar shaku-shaku, ya ce 'yan matan Chibok yake nufi. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta ce ɓatanci ne ga Musulmi, ta yi barazanar kai shi kotu. Daga baya hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin sa waƙar.