Jawabin maraba ga mai girma Sanata a ziyarar da ya kawo wa masana'antun Sharada

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Sanata, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka, da wakilin hakimi, da malamanmu, da iyayenmu da suka riga mu shiga wannan harka, da manajoji, da ku ma'aikata da kuka kashe inji kuka fito, a madadin masu ƙanana da matsakaitan masana'antu na nan Sharada a Kano da 'yan uwanmu da suka taso daga Bompai da Challawa da Tokarawa, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san aiki ya yi maka yawa a Abuja amma ka ajiye komai ka zo ka ga halin da muke ciki da idonka, wallahi mun ji daɗi, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, in an ce mu kawo kuka za ka ji na wuta da na dizal da na hanya, duk ka san su, ba za mu cika ka da su yau ba. Magana ɗaya muka zauna muka yarda a kanta, maganar yaran da muke koya wa aiki a cikin kamfanoninmu da kuma yadda haraji zai taimaka mana mu ci gaba da koya musu.

Mutane da yawa suna ɗauka in ka ɗauki yaro aiki shi ke nan ka samu ma'aikaci, to ba haka ba ne. A kamfanin roba yaro zai zo da takardar sakandare, wani ma da difloma, amma bai taɓa tsayawa gaban injin zuba roba ba, sai ka haɗa shi da tsohon hannu ya riƙa nuna masa yadda ake saita zafi da yadda ake ɗaura mol, wato ƙarfen da yake fitar da siffar kaya, da yadda ake sauraron ƙarar inji a gane akwai matsala, kuma duk lokacin nan tsohon hannun rabin aikinsa yake yi saboda idonsa yana kan yaron. Ranar da yaron ya ƙara zafi fiye da kima roba ta ƙone, bokitai su fito da baƙin tabo ko bakinsu bai cika ba, sai a kwashe a kai injin niƙa a sake daga farko, wutar da aka ƙona ta tafi. Haka masu jima suke fama, fata ɗaya in wuƙar inji ta ɗan shige ta a hannun sabon yaro ta faɗi daga lamba ɗaya zuwa ta ƙasa, kuɗinta ya karye nan take. Duk wannan asarar mai kamfani ne yake shanye ta, ga kuɗin abinci da na mota da yake ba yaron kullum, kuma babu wani rasit da aka rubuta kuɗin horo a kansa.

Abin da ya fi ciwo kuma shi ne bayan hannun yaro ya faɗa, sai wani kamfanin da bai kashe ko kwabo a kansa ba ya ƙara masa ɗan wani abu a albashi ya ɗauke shi. Ni dai ban ga laifin yaron ba, yana da iyaye, yana son ya yi aure, dole ya bi inda ya fi. Amma fa wannan ne ya sa wasunmu suka ja baya, kowa yana jira wani ya koyar shi kuma ya ɗauka, ƙarshenta in inji ya lalace sai an ɗauko injiniya daga Legas ko daga ƙasar waje a biya shi da dala, alhali ga matasa nan cike da unguwanni ba aikin yi.

Ba mu ce gwamnati ba ta yi komai ba. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, shi ne kuma ya fito da shirin SIWES a 1973 wanda yake kawo mana ɗaliban jami'a da na foliteknik su yi watanni a wurinmu. Doka ta ce kamfani ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a shekara, in kuma ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida za a iya mayar masa da har rabin abin da ya biya. Gyaran da aka yi a 2011 ya sa dokar ta hau kan mai ma'aikata 5, sai dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗaga zuwa 25, ƙananan cikinmu sun samu sa'ida sosai, kuma mun san daga majalisarku ta fito, mun gode.

To amma ranka ya daɗe a yi lissafi. Kamfani mai ma'aikata 50, a ce kowa yana ɗaukar naira dubu 100 a wata, albashinsa na shekara miliyan 60 ke nan, zai biya dubu 600, iyakar abin da zai dawo masa dubu 300, wannan kuwa kayan da sababbin yara suke ɓatawa kaɗai sun fi shi. Sannan kafin a mayar sai an nemi amincewa da shirin horon tun kafin a fara, a ajiye rasit da sunayen waɗanda aka horar, wanda daidai ne don kada a yi cuwa-cuwa, sai dai babban kamfani ne yake da ofishi guda na wannan aikin, mu kuwa mai kamfani shi ne manaja shi ne mai sayo kaya, wani lokacin shi ne ma kanikan janareta.

Roƙonmu shi ne doka ta san da horon da ake yi a bakin inji, ba sai wanda aka yi a ɗakin taro na otal ba. A yi wa yaro rajista da sunansa da lambar NIN ɗinsa da sana'ar da zai koya, a rubuta tsawon lokacin, jami'i ya zo ya gan shi a bakin aiki, in ya gama a gwada shi da hannunsa a ba shi satifiket, shi kuma kamfanin a cire masa wani ƙayyadajjen kuɗi daga ribar da za a yanka wa haraji a kan kowane yaro. Afirka ta Kudu haka suke yi, akwai rangwame duk shekarar da yaro yake koyo, akwai kuma wani daban ranar da ya kammala, wannan na kammalawar shi ya fi burge ni domin shi yake hana a tara sunaye a takarda ba a koyar da komai ba. Kuma ba sai an kafa sabuwar hukuma ba, ga ITF, ga hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a Kaduna da take da tsarin gwada masu sana'ar hannu ta ba su shaida, an ma fara irin wannan da masu sana'a na kasuwar Panteka ta Kaduna.

Ga sabuwar dokar haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, tunda an riga an buɗe maganar gyara, muna ganin yanzu ne lokacin da za a shigar da wannan. Sai kuma abu biyu kada a manta. Da yawa cikinmu ba kamfani mai rajistar limited ba ne, harajinsu jiha suke biya, in rangwamen ya tsaya kan harajin kamfanoni kawai to an bar su a baya, don Allah a yi magana da gwamnatocin jihohi. Na biyu 'yan mata, yanzu galibi wajen ɗinkin buhu da shirya kaya a kwali ake barinsu, alhali waɗanda muka gwada a ɗakin awon inganci da kan kwamfuta sun yi ƙoƙari ƙwarai, in aka ɗan ƙara rangwamen a kan duk mace da aka horar za ka ga an buɗe musu ƙofa.

Mu ma akwai namu nauyin, duk wanda yake son rangwame dole ya buɗe littafinsa a duba, ya biya yaro haƙƙinsa, ya ba shi safar hannu da takalmi da abin toshe kunne, mun faɗa wa junanmu wannan kuma a shirye muke a kama mu da shi.

Mun rubuta buƙatun nan a takarda, dattijonmu zai miƙa maka yanzu. Daga nan muna roƙon ka ɗan taka mu shiga ciki, akwai yaran da suke koyo a shift ɗin safe, mun ce su tsaya a bakin injinsu, ka tambaye su da kanka abin da suka iya da abin da suke so a yi musu.

Barka da zuwa Sharada ranka ya daɗe, Allah ya yi jagora, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.